Yadda za ka koyar da kundin tsarin mulki a aji har yara su ji a jikinsu

Na daɗe ina koyar da darasin zama ɗan ƙasa, wanda yara ke ce wa sibik, kuma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaro zai gama sakandare ya haddace ma'anar dimokuraɗiyya da rassan gwamnati uku da ranar samun 'yancin kai, ya ci jarrabawa tas, amma wallahi ko sau ɗaya bai taɓa ɗora ido a kan layi guda na kundin tsarin mulkin ƙasarsa ba, labarin takardar kawai ake ba shi. To wannan rubutun na 'yan uwana malamai ne, musamman sababbin shiga, zan faɗi yadda nake yi, kuma ko a wace ƙasa kake koyarwa zai yi maka amfani tunda kowace ƙasa tana da takardun da aka kafa ta a kansu.

Fara da nemo takardar ita kanta, littafin bayani ya jira tukuna. Yawancin kundin ƙasashen duniya suna intanet kyauta, ka sauke a wayarka, ka dai tabbatar wanda ke ɗauke da gyare-gyaren baya-bayan nan ne. Kar ka ce sai ka buga duka, na Indiya da aka amince da shi ranar 26 ga Nuwamba 1949 da sashe 395 ya zo, na Najeriya na 1999 sashe 320 ne, wa zai raba wa yara wannan? Shafi ɗaya ya ishe ka, gabatarwar kundin da sashe ɗaya ko biyu daga babin haƙƙoƙi. In babu halin fotokwafi ka rubuta a allo kowa ya kwafa da hannunsa, ita kanta kwafar karatu ce. In 'yan firamare gare ka, Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamba 1948 ta fi sauƙi, sashe 30 ne gajeru kuma an fassara ta cikin harsuna sama da 500 har da Hausa.

Sai karatu. Yaro ɗaya ya tashi ya karanta da ƙarfi a hankali, wani ya maimaita, kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru, kar ka yi bayani tukuna, wannan shi ne ya fi yi wa malami wuya. Daga nan ka raba su uku-uku ko huɗu-huɗu ka ce kowane rukuni ya mayar da jimlar cikin harshen da suke magana da shi a gida, don waɗannan takardu lauyoyi ne suka rubuta su da yaren kotu, yaro zai iya rera su kamar waƙa bai san me suke cewa ba, amma da zarar ka ce ya fassara dole ya tsaya ya yi tunani.

Akwai ranar da na ba wani aji jimlar farko ta sashe na 1 na dokar tushe ta Jamus, wato kundin tsarin mulkinsu, wadda aka kafa a 1949, shekara huɗu kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ta'asar 'yan Nazi, jimlar da ke cewa mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne. Rukuni ɗaya suka rubuta daraja, ɗaya suka rubuta mutunci. Wani yaro ya miƙe ya ce daraja ba ta yi ba, ai mai muƙami ya fi talaka daraja, in aka sa daraja kenan an yarda wani ya fi wani. Sai wata yarinya daga layin baya, wadda tunda aka fara zangon ban taɓa jin muryarta ba, ta ce to ai mutunci ma ana cewa wane ba shi da mutunci, shi kenan shi a taɓa shi? Ajin ya yi tsit. Can ta ce ita a ganinta karama ya kamata a sa, don wannan Allah ne ya ba kowane ɗan Adam, ba halinsa ne ya ba shi ba balle a ƙwace. Har aka kaɗa ƙararrawa suna musu a kan kalma ɗaya, ban raba musu gardamar ba, na rubuta kalmomin uku a gefen allo na ce kar wanda ya goge.

Bayan fassara sai tambayar da nake ganin ita ce zuciyar darasin gaba ɗaya. Kundin ƙasashe da yawa da "mu jama'a" suke buɗewa, na Amurka haka, na Indiya haka, na Afirka ta Kudu da na Najeriya ma haka. Ka rubuta "mu" babba a allo ka tambaye su, su waye mu ɗin nan, wa ke cikin ɗakin ranar da ake rubutu, wa aka bari a waje? A nan ne tarihi zai shigo da kansa ba tare da ka tilasta ba. A taron Filadelfiya na 1787, inda aka rubuta kundin Amurka, wakilai 55 ne suka halarta, 39 suka sa hannu ranar 17 ga Satumba, duk maza ne fararen fata, kuma a cikin takardar aka ce wajen raba kujerun majalisa a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku. Sai 1865 gyara na 13 ya haramta bauta, mata kuwa sai 1920 gyara na 19 ya tabbatar musu da ƙuri'a a faɗin ƙasar. Faransa ta fitar da sanarwar haƙƙin mutum da ɗan ƙasa a Agustan 1789, sashe 17, amma da wata mata Olympe de Gouges ta ga ba a sa mata a lissafi ba sai ta rubuta tata sanarwar ta haƙƙin mace a 1791, kuma matan Faransa ba su samu ƙuri'a ba sai 1944. Kundin Najeriya na 1999 ya ce mu jama'a, alhali gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi da dokar soja, kuma har yau ana ta muhawara a kan wannan.

Na san akwai malaman da ke tsoron wannan gaɓar, wai in ka nuna wa yaro aibin takardar za ka rage masa kishin ƙasa. Ni ban yarda ba sam. Yaron da aka ce masa takardar ba ta da aibi, ranar da ya gano da kansa zai watsar da ita ne gaba ɗaya har da alherin da ke ciki, wanda kuma aka nuna wa yadda mutane suka yi ta fama har "mu" ɗin ta faɗaɗa ta haɗa da su, shi ne zai ji takardar tasa ce. Don haka kar ka tsaya a aibi, ka kawo musu ɗaya ɓangaren. Dakta Ambedkar da ya shugabanci kwamitin rubuta kundin Indiya daga cikin mutanen da ake ƙyamar ko taɓa su ya fito, kuma sashe na 17 na kundin ya soke wannan ƙyamar. Mandela ya sa hannu a kan na Afirka ta Kudu ranar 10 ga Disamba 1996 a Sharpeville, garin da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a 1960, kuma gabatarwarsa da amincewa da zaluncin da aka yi a baya ta fara. Ka tambayi yara me ya sa aka zaɓi wannan garin, ka bar su su amsa.

Yanzu sai a sa takardar aiki. Ka ƙirƙiri ɗan labari mai layi huɗu ko biyar, misali an kama wani saurayi da daddare, yau kwanansa huɗu a tsare, ba a gaya masa laifinsa ba, ba a kai shi kotu ba, an hana shi ganin kowa. Ka miƙa musu babin haƙƙoƙi ka ce su nemo abin da aka taka. In na Najeriya ne a hannunsu za su tarar a sashe na 35 cewa dole a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40. Ka kalli fuskarsu lokacin da suka gano wannan da kansu. Doka ɗaya nake kafawa a wannan darasin, duk wanda ya buɗe baki ya ce "ai haƙƙina ne", aji duka su tambaye shi, a wane sashe? Cikin sati biyu za ka ji suna yi wa junansu tambayar ko ba ka nan.

In sun saba, ka ƙara wahala, ka kawo labarin da haƙƙi biyu suka yi karo, wani ya rubuta magana a Facebook ya ce 'yancin faɗin albarkacin bakinsa ne, wanda aka ambata kuma ya ce an ɓata masa suna. Rukuni biyu su zama lauyoyi, yara uku su zama alƙalai, kuma alƙalan su faɗi dalilin hukuncinsu daga takardar. A nan za su ci karo da sashen da ke iyakance haƙƙi, na 45 a Najeriya, na 36 a Afirka ta Kudu, su gane cewa yawancin haƙƙoƙi suna da iyaka, ita ma gwamnati tana da iyakar yadda za ta iyakance su.

Ko ba daɗe ko ba jima wani zai ɗaga hannu ya ce, malam, in haka aka rubuta me ya sa ba a yi? Don Allah kar ka yi masa tsawa, kar kuma ka ɗauki damar ka juye musu haushin siyasar da ke cikinka, jam'iyyarka ka bar ta a ƙofar aji don 'ya'yan kowa ne a gabanka. Ka nuna masa cewa wani alkawarin ana iya kai ƙara kotu a kansa, wani kuma manufa ce kawai aka rubuta wa gwamnati. Babi na 2 na kundin Najeriya ya yi maganar ilimi da lafiya da walwala amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi, haka Indiya ta yi da kashi na 4 na nata, Afirka ta Kudu kuwa ta sa matsuguni da lafiya da ruwa cikin haƙƙoƙin da ake kai ƙara, shi ya sa a shekarar 2000 wasu marasa matsuguni suka yi nasara a kotun tsarin mulki a shari'ar Grootboom. Sai ka tambaye su wace hanya ta rage wa ɗan ƙasa in kotu ba za ta saurara ba, su da kansu za su kawo ƙuri'a da wakilinsu na majalisa da jarida da neman gyaran kundi. Daga nan ka wuce kan nauyin da ke wuyan ɗan ƙasa, biyan haraji da bin doka da mutunta haƙƙin wasu, a lokacin sun fi saurara.

Wajen ƙarshen zango ka sa su rubuta kundin ajinsu, shafi ɗaya, da gabatarwa da haƙƙoƙi biyar da nauyi biyar da yadda za a zaɓi monita da yadda za a sauke shi. Kar su manta da sashen gyara, mutum nawa za su yarda kafin a canza layi, ka gaya musu a Amurka sai kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu sun yarda sannan jihohi 38 cikin 50, shi ya sa gyara 27 kawai aka yi tun kafuwarsa. Kuma lallai a sa wani sashe da ya ɗaure kai malam, ko da cewa ba za ka hukunta yaro ba sai ka ji ta bakinsa, ka sa hannu a gabansu, ka kuma cika, don ranar da ka karya shi suka yi maka shiru to duk zangon ya tafi a banza.

Jarrabawa kuma ka bar su su shiga da shafinsu a hannu. Ka ba su sabon labarin da ba su taɓa gani ba, ka ce su nuna sashen da ya shafe shi, su faɗi abin da sashen ya ce da kalmominsu, su kawo hujjar da ɗaya ɓangaren zai iya kawowa, sannan su faɗi inda mai ƙorafin zai nufa da safe. Maki mafi yawa ka ɗora a kan hujjar ɗaya ɓangaren, don ita ce ba a iya kwafa daga maƙwabci.