Yadda Ake Tono Tarihin Sakandaren Gwamnati a Biranen Sudan

Wanda zai rubuta tarihin wata sakandaren gwamnati a Wad Madani, Gadarif, Kassala ko Sinnar, kada ya yarda da shekarar da ke jikin allon ƙofa sai ya gwada ta. Sau da yawa shekarar da aka sake gini ce, ko wadda aka sauya suna. Makaranta ɗaya takan yi haihuwa uku: ranar da hukuma ta ba da izini, ranar da ɗaliban farko suka zauna a aji (wataƙila a gidan haya ko a ajin aro), da ranar da aka tare a ginin yanzu. Ka ware wa kowacce shafinta tun daga farko, in ba haka ba dattawa biyu za su yi ta musu a gabanka alhali duk gaskiya suke faɗa.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne tsanin karatu, domin ya sauya sau da dama kuma sunaye sun sauya tare da shi. Kafin 1970 tsarin 4-4-4 ne: awwaliyya (firamare) shekara huɗu, wusɗa (makarantar tsakiya) huɗu, sanawiyya (sakandare) huɗu. A 1970, zamanin ministan ilimi Muhyiddin Sabir, aka koma 6-3-3, aka kira matakin tsakiya "sanawiyya amma", na sama kuma "sanawiyya ulya". To ka ga matsalar: takardar shekarun 1970 da ke ɗauke da hatimin sanawiyya amma ba ta babbar sakandare ba ce, ta makarantar tsakiya ce, wadda daga baya aka fi sani da mutawassiɗa. A farkon shekarun 1990 aka soke matakin tsakiya, aka yi asas, wato matakin farko, shekara 8 da sakandare 3, gine-ginen mutawassiɗa da yawa suka zama sakandare ko asas. Daga baya kuma an dawo da 6-3-3. Saboda haka duk takardar da ta zo hannunka, fara tambayar a wane tsani aka rubuta ta.

Wannan shi zai ba ka lissafin shekarar buɗewa. Nemo shekarar da dufa'ar farko, wato rukunin ɗaliban da suka fara shiga tare, ta zauna jarrabawar shahada sudaniyya ta kammala sakandare, ka cire 4 in kafin sauyin 1970 ne, ka cire 3 in bayansa ne. Amma ka yi hattara da abu biyu. Shekarar karatu tana hawa kan shekara biyu, don haka ka rubuta 1974/75, ba 1974 kawai ba. Sannan wata makarantar ba da ajin farko ta fara ba, an yanko mata 'yan aji na biyu ne daga wata da ta cika, sai lissafin ya gajarce da shekara guda.

A cikin makarantar, ofishin wakili (mataimakin shugaban makaranta) ya fi na mudir (shugaban makaranta) amfani, can rajista take. Abin nema shi ne littafin shigar ɗalibai, littafin sakamako mai lambobin zama jarrabawa, littafin baƙi da masu duba makarantu ke sa hannu, da allon sunayen shugabannin da suka shuɗe. Allon nan yakan tsallake masu riƙon ƙwarya, shi ya sa za ka ga giɓin shekara ɗaya ko biyu. Ka ƙirga "nahar", wato yawan azuzuwa a kowace shekara. Ranar da makaranta ta tashi daga nahar biyu zuwa huɗu, ranar ce unguwa ta cika, kuma kusan ko yaushe za ka tarar da sabon layin azuzuwa da tubalinsa ya bambanta da na tsohon.

Neman 'ya'yan Hausawa a rajista sai da dabara. Magatakarda da Larabci yake rubutu, suna huɗu a jere, kuma sunan gida ba ya shiga. Garba zai fito Abubakar, Audu Abdullahi, Shehu Usman, Binta Faɗima. Ka nemi sunan uba da na kaka tukuna. Ranar haihuwa kuma kada ka dogara da ita: in ka ga rabin aji an haife su 1 ga Janairu, takardar tasnin ce, ƙiyasin shekaru da likita ya yi wa wanda ba shi da takardar haihuwa.

Takardun da ba sa makaranta suna bin iyakar mulki ta lokacin da aka rubuta su. Jihohi 26 sai a 1994 aka yi su. Kafin nan Sinnar tana ƙarƙashin Wad Madani, Gadarif tana ƙarƙashin Kassala, don haka tsohon fayil na iya kasancewa a can, ba a ma'aikatar ilimin jiharka ba. Na zamanin Turawa kuwa, Darul Wasa'ik, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Khartoum, ce gidansu, sai ma'ajiyar Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila da aka kafa a 1957. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya mai da makarantu da yawa masaukin 'yan gudun hijira, kabad-kabad sun watse, don haka abin da ke cikin akwatunan tsofaffin ɗalibai yanzu ya ƙara daraja.

Ka san inda makarantarka ta faɗo a jerin ƙasa, ya hana ka zuzuta ta fiye da kima. Kwalejin Gordon ta buɗe a 1902. Sakandaren Hantub, a ƙetaren kogi daga Wad Madani, inda tsohon shugaban ƙasa Numeiri da ɗan siyasa Hassan Turabi suka yi karatu, da sakandaren Wadi Sayyidna, duk na 1946 ne. Duk mai cewa sakandaren gwamnatin garinsu ta girme su, ya kawo takarda. Yawanci abin da ya girme su makarantar wusɗa ce ko ta ahliyya da jama'a suka gina da kuɗinsu, irin waɗanda Mu'utamarul Khirrijin, taron 'yan bokon Sudan da aka kafa a 1938, ya ƙarfafa, gwamnati ta karɓe daga baya.

Hira da dattawa ita ce ke cike giɓi, amma kada ka ce "Baba, a wace shekara kuka shiga?" Zai ba ka lamba don kada ya ba ka kunya. Ka ce, "Baba, lokacin Oktoba kuna aji nawa?" Juyin Oktoba 1964 ne, juyin mulkin Mayu 1969, Intifada (boren jama'a) Afrilu 1985, babbar ambaliya 1988. Ka tambaye shi da wane harshe aka koya musu lissafi: in da Turanci ne har suka gama, ya riga mayar da sakandare Larabci da aka soma a 1965. Mutum uku daga dufa'a daban-daban, kowa shi kaɗai, minti 40 zuwa 60; in ka haɗa su wuri ɗaya, mai babbar murya ne zai rubuta maka tarihi. Kada ka manta da tsohon gafir (mai gadi) da farrash (mai shara da aike), su suka san ajin da ya taɓa zama ɗakin kwana.

Kwafi kuma da waya ya isa. Shimfiɗa littafin a inuwa mai haske, kashe filashi, riƙe wayar daidai saman shafi, ka fara da bango da shafin farko kafin ciki. Sa wa kowane hoto suna da shekara da lambar shafi a ranar, domin bayan mako guda hoto 600 duk kamarsu ɗaya. Shafin da gara ta ci ko ruwa ya manne, kada ka ɓamɓare shi da ƙarfi, kada ka liƙa masa salatif, kada ka kai shi a rufe da roba mai zafi, tawada takan narke kuma ba a iya warwarewa. Hoton da aka turo ta WhatsApp yakan zo a matse har ƙananan sunaye su dushe, sai ka roƙi a turo shi a matsayin fayil. Ajiye kwafi uku: ɗaya a makaranta, ɗaya a intanet, ɗaya wurin wani tsohon ɗalibi da ke wani gari, ko Jidda ce ko Kano.