Yadda za ka tsare jakarka daga masu safarar ƙwaya a filin jirgi

Duk mai shirin tafiya Umara ko Hajji ko Dubai saro kaya, don Allah ya ɗan tsaya ya karanta wannan kafin ya zuge jaka. Su fa masu safarar hirowin da hodar iblis da tramol ba sa son riƙe kayansu da hannunsu, sun fi son bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba, tsohuwa mai carbi ko ɗalibi, wanda jami'i zai kalla ya ce wuce kawai.

Ita hirowin ba a nan ake yin ta ba. Daga ƙaron wani fure ake samo ta, shekara da shekaru Afganistan ce kan gaba a nomansa har Taliban suka hana a 2022, sai Myanmar ta karɓi gaba. Hanyar da ta shafe mu kuwa, daga gaɓar tekun Pakistan da Iran ake loda ta a jiragen ruwa na katako zuwa su Kenya da Tanzaniya da Mozambik, daga nan a rarraba ta ƙanana-ƙanana cikin kayan fasinjan jirgin sama. To kai ne fasinjan.

Farko dai ka shirya kayanka da kanka, kar ka bar wa yara ko ejen, ka san me ke cikin kowane aljihu, sannan ka sa kwaɗo ka naɗe jakar da leda a gabanka.

Sai maganar saƙo, nan ne aka fi cin mu saboda kunya. Wata za ta tare ki a bakin ƙofa ta ce Hajiya don Allah ɗan yaji ne da kuka da kilishi za ki miƙa wa ƙanwata a Jidda, ga ta da kamala har da sallama mai kyau, ke kuma kina jin nauyin ki ce a'a. Ki ce a'a ɗin, Hajiya. In ma na ɗan uwa ne na jini, a kwance ƙullin a gabanki, a zazzage garin a faranti, a duba tafin takalmi da gindin kula da gwangwanin da aka ce ba a taɓa buɗewa ba, don irin wuraren da NDLEA, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ke yawan zaƙulo ƙwaya ke nan. Wanda ya ji haushi don an buɗe saƙonsa ya riƙe abinsa. Goro ma hukumar alhazai kullum tana gargaɗi kar a kai shi Saudiyya.

Wurin awo kuma sai ka buɗe ido sosai. Wani zai ce Alhaji na ga kilonka bai cika ba, bari a ɗora min jaka ɗaya a sunanka in ba ka na shayi. Kar ka yarda ko nawa ne. Kuma ana iya yi maka ba ma tare da an tambaye ka ba, haka aka yi wa wata ɗaliba a ƙarshen 2018, ta tashi daga Kano zuwa Umara aka liƙa sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba, tramol ne a ciki, ta yi wajen wata huɗu a tsare a Saudiyya sai da NDLEA ta kama ma'aikatan da suka kitsa abin kafin aka sako ta a Afrilun 2019. Ƙasar da ake yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya fa!

Saboda haka kar ka ba kowa fasfonka ya je ya yi maka awo kana zaune. Tsaya da ƙafarka, ka ga an liƙa wa kowace jaka takarda, ka ƙirga 'yan sitikun da za a manna maka a bayan tikiti ko fasfo, jaka 2 sitika 2, in ka ga 3 ka yi magana a take da ƙarfi kowa ya ji. Ɗauki hoton jakunkunan a kan sikeli da nauyinsu, da hoton sitikun, ka tura wa wani a gida ta WhatsApp. Kar ka yar da su sai ka dawo.

In an tsaya canjin jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira, kar ka riƙe wa kowa jaka wai zai zaga bayi. Maganin asibiti kuma musamman na kashe ciwo, bar shi cikin kwalinsa ka haɗa da takardar likita.

In kuwa tsautsayi ya faɗa aka tare ka, kar ka yi gardama ko ka taɓa jakar da ba taka ba, kuma kar ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Larabci ko wani yaren da ba ka ji. Nemi tafinta, ka ce a kira ofishin jakadancin Najeriya ko na ƙasarku, ka nuna hotunan nan, su kuma na gida su garzaya ofishin NDLEA da kwafinsu a ranar.