Kafin ka cike fom ɗin JAMB, zauna mu yi lissafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Kimistiri a sakandare, kuma duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a, sai zaurena ya cika da 'yan aji shida. Cikin goma, bakwai likita suke so su zama. Ni ma haka na so, shi ya sa ba na yi musu dariya. Takarda nake miƙa musu.

Abu na farko, rubuto min sakamakonka tun daga aji huɗu. Darasin da kake ci ko da malamin bai iya koyarwa ba, nan ƙarfinka yake. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai ya ce Injiniya zai karanta, to shekara biyar zai yi yana fama da abin da yake gudu. Likitanci shekara shida ne, Lauya biyar sannan a wuce makarantar horon lauyoyi. Ka tambayi Baba ko aljihunsa zai kai, tun ba a yi nisa ba.

Sai haɗin darussa, kuma a nan ne yara suka fi faɗawa rami. JAMB darasi huɗu ce, maki 400, Turanci dole. Mai son Likitanci zai haɗa da Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Injiniya kuwa Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Lauya ba ta yiwuwa sai da adabin Turanci. Na taɓa ganin yarinyar da ta ci maki mai kyau ƙwarai, amma mai kafen intanet da ya cike mata fom ya sa mata Bayoloji a gurbin Lissafi alhali Injiniya ta nema. Shekara guda ta tafi a banza. Don haka kada ka miƙa wa mai cike maka fom takardunka ka tafi cin awara. Tsaya a kansa, ka buɗe kundin JAMB ka karanta sharaɗin jami'ar da ka zaɓa da idonka, domin na ABU Zariya ba lallai ya zama daidai da na BUK ko na Danfodiyo ta Sakkwato ba. Ka kuma tabbatar kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da kuma Lissafi in kwas ɗinka na buƙatarsa, sannan hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar.

To idan an ba ka abin da ba ka nema ba fa? Ni Kimistiri aka ba ni. Na yi fushi, na shafe zangon farko ina zaman majalisa ina cewa ai zan sake JAMB. Ban sake ba, sai dai na kwaso keriyoba biyu, wato darussan da na faɗi sai na maimaita. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne CGPA, wato matsakaicin makin duk darussan da ka yi a jami'a, kamar tuwo yake, tun a talge ake gyara shi. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu babba daga 3.50. Wanda ya zube a aji ɗaya, sai ya yi shekara uku yana jan ƙafa bai kamo ba. Da 3.41 na fita, har yau ina jin ta. In ba ka son kwas ɗin, ka yanke shawara da wuri: ko ka karɓa ka riƙe shi da gaske, ko ka bi ta IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ka nemi shiga aji biyu kai tsaye.

In ka shiga, nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa tun makon farko, ka san ofishin jami'in da ke kula da ajinku, kada ka bari sai rajista ta rikice. Lokacin SIWES kuma, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, kar ka nemi inda za a sa maka hannu kana kwance a gida. Wata shidan da na yi a ɗakin gwajin wani kamfanin ruwan leda, a can na koyi auna sinadarin kulorin, kuma da shi nake samun ɗan na cefane duk ranar Asabar.