Darasi na Bakwai: Ba Wakili Aikin Jigila da Fiton Kaya

Ɗan kasuwar da yake da shago ɗaya a kasuwar Wuse ko a Dei-Dei da ke Abuja ba zai iya rufe shagonsa ya tafi Legas ya tare a bakin tashar Apapa ko Tin Can har sai kayansa sun fito ba. Shi ya sa yawancin ƙananan 'yan kasuwa suke damƙa aikin ga wakili, wanda ake kira ejan. Wakilai iri biyu ne, ko da yake sau da yawa kamfani ɗaya ne yake haɗa duka. Akwai mai jigila, wanda yake karɓar kaya a sito a Guangzhou ko Dubai ya ɗora su a jirgi, akwai kuma mai fito, wanda yake tsayawa gaban Hukumar Kwastam a madadin mai kaya, kuma wajibi ne ya kasance yana da lasisin hukumar. Masu jigila kuwa majalisar CRFFN, wadda aka kafa da dokar shekarar 2007, ita ce take yi musu rajista.

Wanda bai kai ga cika kwantena ba, ana haɗa kayansa da na wasu a kwantena ɗaya, a caje shi gwargwadon wurin da kayan suka cinye. Ma'aunin shi ne abin da 'yan kasuwa suke kira si-bi-em, wato wuri mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Katan mai tsawon santimita 50, faɗin 40, tsayin 50 yana cin kashi ɗaya cikin goma na wannan wuri, don haka katan goma irinsa su ne si-bi-em ɗaya. Kayan jirgin sama kuwa da kilo ake lissafa su. Mai karatu ya nemi tef ɗin awo ya gwada da katan ɗin da ke shagonsa, domin wanda ya iya wannan lissafi ba a cika yi masa ƙari ba.

Kafin kaya su taso, mai shigo da kaya da sunansa yana buɗe Fom M, wato takardar bayyana kayan da zai shigo da su ƙasa, ta hannun bankinsa, kuma sai yana da rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji. Bayan haka kwastam suna fitar da takardar ƙiyasi da ake kira PAAR, wadda take nuna rukunin kayan da harajin da ya hau kansu. Abinci da magani da kayan shafa suna buƙatar izinin NAFDAC, kayan lantarki da makamantansu kuma suna buƙatar shaidar inganci ta SONCAP. Idan haɗaka aka yi, galibi takardun nan suna ɗauke da sunan kamfanin jigilar ne, kuma abin da ke hannun mai kaya shi ne rasit kawai, saboda haka ya tabbata an rubuta adadin katan da irin kayan da lambar kwantena a kai.

Harajin kwastam yana hawa kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin jigila da inshora, kuma matakansa biyar ne a tsarin ƙasashen ECOWAS: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. A ƙaddara mutum ya sayi kaya na naira miliyan 4, jigila da inshora suka ci miliyan 1, kayan kuma suna rukunin kashi 20; harajinsa zai zama naira miliyan 1, kafin a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 da sauran ƙananan kuɗaɗe. Idan wani ejan ya ce zai fito da waɗannan kaya a kan rabin wannan kuɗi, to akwai lauje cikin naɗi, domin hanyar da ake bi ita ce a rage darajar kayan a takarda ko a ba su sunan wasu kayan daban.

Na taɓa ganin yadda irin wannan araha take ƙarewa. Wani maƙwabcina mai sayar da kekunan ɗinki ya ba wani ejan aiki ba tare da ya ga ko takarda ɗaya ba, duk maganarsu a waya aka yi ta. Kwantenar ta baro Legas lafiya, amma jami'an kwastam suka tsayar da tirelar a hanya, suka buɗe, suka tarar abin da ke ciki ya saɓa da abin da aka rubuta. Da ya kira ejan ɗin sai ya ce masa, “Alhaji, ka ƙara haƙuri, ana kan magana,” kuma haka aka yi ta jan sa har wayar ta daina shiga. Sunan Alhajin ne a kan Fom M, don haka shi aka nema, shi ya biya cikon harajin da tara.

Jinkiri ma kuɗi ne. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan sai ya fara cajin kuɗin riƙe kwantena kullum, masu tashar su ma suna cajin kuɗin ajiya, kayan da suka daɗe ba a fito da su ba kuma kwastam suna iya yin gwanjonsu. Saboda haka a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai ɗauki wannan kuɗi idan jinkirin daga wakili ne, a kuma rubuta ko farashin ya haɗa da kawo kaya har Abuja ko a Legas za a sauke su. Mai kayan Arewa yana iya tambayar wakilinsa ko za a iya yin fiton a tashar tudu, wato tashar sauke kwantena da ke nesa da teku, kamar ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala a Kano.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya auna katan uku mabambanta, ya fitar da si-bi-em ɗinsu, sannan ya rubuta tambayoyi huɗu da zai yi wa wakili kafin ya ba shi kafin alƙalami.