Shawara ga iyaye kan zaɓen darussa tun daga SS1

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina roƙon duk wanda yake da yaro da zai shiga ajin SS1 ya zauna da shi kafin a raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, adabi ko kasuwanci, domin darussan da ya ɗauka a wannan lokaci su ne za su buɗe masa ko su rufe masa ƙofar kwas a jami'o'in gwamnati irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano.

Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, kuma mafi yawan kwasa-kwasai suna neman Lissafi. A jarrabawar JAMB kuwa darussa 4 ake rubutawa, wato Turanci da wasu 3 da suka dace da kwas ɗin. Mai son likitanci sai ya haɗa Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniyanci kuma Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Abin da ya fi damuna shi ne masu sha'awar karatun lauya, domin sau da yawa yaro yakan bar Adabin Turanci saboda makarantarsu ba ta da malaminsa, sai a SS3 ya gano cewa ana buƙatarsa, lokacin da gyara ya yi wuya.

Ku buɗe kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai da ke shafin JAMB na intanet, ku duba jami'ar da yaron yake so, sannan ku tambayi shugaban makaranta ko ana koyar da waɗannan darussa kafin a yi rajista.