Kurakuran da masu digiri ke yi wajen neman karatun likita a makarantun Faransanci

Duk shekara ana samun matasa masu digirin Biochemistry ko Microbiology waɗanda gurbin likitanci ya kuɓuce musu a gida, sai su juya akalarsu zuwa Yamai, Maraɗi, Kwatano, Dakar ko Faransa. Niyyar mai kyau ce, amma akwai wuraren da ake yawan yin tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne zaton digirin zai rage maka shekaru. A tsarin ƙasashen renon Faransa, daga sakandare ake shiga likitanci kai tsaye, bayan an ci BAC, wato jarrabawarsu ta kammala sakandare, a yi shekara bakwai zuwa takwas, a rufe da kare kundin bincike a gaban malamai. Saboda haka abin da ofishin rajista zai fara dubawa shi ne takardarka ta WAEC ko NECO, da ko an daidaita ta da BAC ɗin kimiyya. Digirin da kake alfahari da shi bayansu yake biyowa. Ka shirya wa aji ɗaya, kai da ƙannenka 'yan shekara 18. Idan makaranta ta yarda ta ɗauke maka wasu darussa, ka karɓa a rubuce da hatimin shugaban tsangaya, kada ka dogara da bakin dillali.

Faransa ma haka take, har ta fi tsauri. Tun 2020 ana shiga ta shekarar share fage, PASS ko L.AS, inda ake tace ɗalibai sosai, kuma sau biyu kaɗai aka ba mutum damar neman wucewa. Akwai ƙofar da ke kai mutum aji biyu ko uku, amma galibi ta masu digiri na biyu ce daga Faransa ko ƙasashen Tarayyar Turai. Wanda ke zaune a Najeriya ta hannun Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗalibai 'yan ƙasashen waje, zai nemi shekarar farko, kuma a watan Disamba ake rufe karɓar takardu, kusan wata tara kafin a buɗe makaranta. Da yawa sai bayan an rufe suke farkawa.

Sai harshe, wanda nan ne na fi jin tausayin mutane. Wani zai ce ai Maraɗi Hausa ake yi. Gaskiya ne, tsohuwar da ke kwance a gado da Hausa za ta gaya maka inda ke mata ciwo. Amma malamin da ke tsaye a kanka da Faransanci zai tambaye ka abin da ka gano, da shi za ka rubuta takardar majiyyaci, da shi za ka amsa jarrabawar baka. Faransancin cinikin kasuwa ba zai ɗauki lacca kan jijiyoyin wuya ba, musamman idan malami na zuba bayani kai kuma kana rubutawa da hannu. Kwas ɗin wata uku bai isa ba. Ka ware shekara guda a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française, ko ƙauyen koyon Faransanci da ke Badagry, ka nemi takardar shaidar iya Faransanci ta DELF, aƙalla matakin B2. Wasu makarantun matakin C1 na DALF, wanda ke gaba da B2, suke so. Ka kuma sani sakamakon jarrabawar gwajin Faransanci ta TCF shekara 2 yake yi ya mutu, DELF da DALF kuwa ba sa tsufa. Tun kana koyo ka sayi littafin ilimin gaɓoɓin jiki na Faransanci, tunda ka riga ka san abin da ke ciki, sunayen ne kawai sababbi.

Takardu kuma ƙaramin abu ne ke ɓata su. Fasfo ya ce Abubakar, WAEC ta ce Abubakr, mai fassara ya rubuta Aboubacar, shi ke nan an ajiye fayil ɗinka gefe. Ka gyara suna da ranar haihuwa su zama ɗaya ko'ina, ka kai takardun Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje su tantance, sannan ka ba rantsattsen mai fassara, ba abokinka da ya yi Faransanci a jami'a ba. Makarantun Faransanci a kan 20 suke ba da maki, 10 ne ci, don haka ka haɗa da bayanin ma'aunin makin jami'arku, kada a ga 4.2 a ɗauka faɗuwa ce.

Kafin ka biya ko sisi, ka yi tunanin ranar dawowa. Ka duba sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya, ka tambayi hukumar MDCN, mai yi wa likitoci rajista a Najeriya, ko ta amince da ita, musamman idan mai zaman kanta ce. Wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta hukumar kafin ya fara shekarar horo a asibiti, kuma da Turanci ake yin ta. Don haka duk darasin da ka karanta da Faransanci, ka riƙa bitarsa a littafin Turanci tun daga aji ɗaya.