Yadda ake ɗaga sabar kamfani daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04 ba tare da kasuwa ta tsaya ba

Tun watan Mayun 2025 Canonical, kamfanin da ke yin manhajar sarrafa kwamfuta ta Ubuntu, ta daina bai wa Ubuntu 20.04 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga Ubuntu Pro, tsarinta na tsawaita wannan gyaran. Duk mai saba a kan wannan zubin, ƙaura ta kama shi. Kuma babu tsallake: ko 24.04 kake hari, sai ka bi ta 22.04.

Kada ka soma da sabar da ake aiki a kanta. Ɗauki cikakken kwafinta, ka tayar da shi a wata na'ura, can za ka yi gwajin farko. Hayar ƙaramar saba ta kwana biyu ba ta kai cinikin wuni guda da za ka jawo wa mai shago ya rasa ba. Kwafin rumbun bayanai ma, sai ka mayar da shi ka ga ya buɗe da idonka.

Inda sababbin hannu suka fi tuntuɓe shi ne PHP, harshen da ake rubuta manhajojin yanar gizo da shi. 20.04 na zuwa da 7.4, 22.04 kuma da 8.1, ga shi PHP 8 ya watsar da tsofaffin umarni irin su each() da create_function(). Ni ma nan na sha wuya. Wani kantin magani ne, manhajar lissafin kayansu ta tsufa, wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin gari. Na gama aiki da daddare, saba ta tashi lafiya lau, na tafi gida. Da safe mai karɓar kuɗi ta kunna kwamfuta, shafi fari fat, ga mutane a layi riƙe da takardun likita. Amsar tana cikin /var/log/apache2/error.log, layi ɗaya tak: ba a san each() ba. Har yau abin na damuna, domin minti biyar a kan kwafi da ya tona shi.

Saboda haka ka sa grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli, ya lalubo maka waɗannan biyun a cikin manhajar. Umarnin foreach, da shi ma zai fito a binciken each, ba ruwansa, ƙyale shi. Sannan ka danna kowane shafi, musamman na buga rasit da rahoton wata. In gyaran ya fi ƙarfinka yanzu, killace manhajar a Docker (abin da ke tafiyar da manhaja a keɓe daga sauran sabar) da PHP 7.4, amma na ɗan lokaci, don PHP 7.4 ɗin ma an daina kula da shi tun Nuwamban 2022.

Ranar aikin, ni daren Asabar nake zaɓa. Tabbatar UPS na da caji kuma janareta na da mai, ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗagawa masifa ce. Yi apt update, apt full-upgrade, sake kunnawa, sannan do-release-upgrade. In ta SSH kake, wato daga nesa kake shiga sabar, do-release-upgrade zai buɗe ƙofa ta biyu a 1022, ka ba ta hanya a ufw, katangar tsaron sabar, tukuna. In ya tambaye ka kan fayil ɗin saitin da ka taɓa gyarawa, riƙe naka, ka kwatanta daga baya.

Da sabar ta tashi, yi a2dismod php7.4, a2enmod php8.1, ka sake tayar da Apache, manhajar da ke fitar da shafukan. Maɓuɓɓugan manhajoji na waje da do-release-upgrade ya kashe, mayar da su ɗaya bayan ɗaya. OpenSSH 8.9, manhajar SSH da ke zuwa da 22.04, ba ya karɓar tsohon sa hannun ssh-rsa mai SHA-1, don haka tsohuwar na'urar da ke zuwa ɗaukar kwafi da dare za ta iya makalewa shiru. Yi mata sabon makulli na ed25519. Mai rumbun bayanai na PostgreSQL 12 kuma ya koma 14 da pg_upgradecluster, kada ya goge tsohon sai an yi mako ana ciniki lafiya.